Sandunan Buƙata a SimCity 4: Karanta Su da Raba Girma Tsakanin Biranen Yanki

Abin da ya fi ɗaure wa masu wasan SimCity 4, wasan kwamfuta na gina birni, kai shi ne su ga koriyar sandar buƙata ta cika har ƙarshe, su zuba kuɗi su shata filayen gidaje, amma shekara ta zagayo ba a ɗora ko tubali ɗaya ba. Wani lokacin kuma gine-ginen su tashi da sauri, bayan 'yan watanni su yi baƙi, mutane su watse su bar kango. Duka biyun tushensu ɗaya ne. Ana ɗaukar sandar kamar umarni ce cewa a shata fili, alhali rahoto ne kawai na giɓin da ke tsakanin guraben aiki da ma'aikata, kuma ba a birnin da ke gabanka kaɗai ba, har da biranen da hanya ta haɗa shi da su.

Kamfanin Maxis ne ya ƙirƙiri wasan, ya fito a farkon 2003, sannan ƙarin Rush Hour ya biyo baya a wannan shekarar, aka kuma haɗa su wuri ɗaya da sunan Deluxe. Duk alƙaluman da ke nan na Deluxe ne yadda ya zo, ba tare da gyare-gyaren da 'yan wasa suke ɗora masa ba.

Sanduna uku da ke ɓoye goma sha biyu

A ƙasan allo sanduna uku ake gani: koriya ta gidaje, shuɗiya ta kasuwanci, rawaya ta masana'antu. Wanda ya tsaya a kan waɗannan ukun a makance yake wasa. Danna su, cikakken jadawalin zai buɗe, ka ga ashe kashi goma sha biyu ne. Gidaje uku ne: R§ na talakawa, R§§ na masu matsakaicin hali, R§§§ na attajirai. Shaguna da wuraren hidima ma uku ne, daga CS§ zuwa CS§§§. Ofisoshi biyu, CO§§ da CO§§§. Masana'antu huɗu: noma, masana'antu masu hayaƙi da ake kira I-D, na ƙere-ƙere wato I-M, sai na fasahar zamani, I-HT. Kowace sanda tana tafiya ne tsakanin -6,000 da +6,000.

Saboda haka koriyar sanda tana iya kasancewa a sama don attajirai ne kaɗai ke neman wuri, kai kuma filin da ka shata yana kusa da hayaƙin masana'anta, inda attajiri ba zai taɓa zama ba. Sandar ba ta yi ƙarya ba. Ba a buɗe ta an ga su wa ke nema ba ne.

Injin da ke motsa sandunan mai sauƙi ne idan aka kama shi. Mazauna suna buƙatar aiki, don haka yawansu yana ɗaga buƙatar kasuwanci da masana'antu. Wuraren aiki kuma suna buƙatar ma'aikata, don haka guraben da ba a cike ba suna ɗaga buƙatar gidaje. Kusan rabin mazauna ne ke fita aiki, kuma ingancin lafiya yana ƙara wannan kason. Inda abin ya fi amfani shi ne sanin irin ma'aikatan da kowane wurin aiki yake ɗauka. Gonaki da I-D da CS§ talakawa zalla suke ɗauka. I-M tana ɗaukar kashi 50 cikin ɗari talakawa, 45 masu matsakaicin hali, 5 attajirai. I-HT kuwa 10, 80, 10. CO§§ 40, 50, 10. CO§§§ 20, 65, 15. CS§§ 68, 27, 5. CS§§§ 62, 30, 8.

A ɗan tsaya a kan waɗannan alƙaluman, domin sun rushe burin da yawancin 'yan wasa ke ɗauka, na gina birnin attajirai zalla. Ɗauki dogon benen ofis na CO§§§ mai guraben aiki 1,000. Kujerun attajirai a cikinsa 150 ne kacal. Sauran 650 na masu matsakaicin hali ne, 200 na talakawa. Kuma wannan shi ne wurin aikin da ya fi kowane ɗaukar attajirai. Kantunan alfarma na CS§§§, waɗanda attajirai ke sayayya a cikinsu, kusan kashi biyu cikin uku na ma'aikatansu talakawa ne. Ma'ana, duk birnin da attajirai suka yi yawa fiye da kima, ƙarshensa alamar jakar ofis ce a saman manyan gidaje, wadda ke nuna babu aiki, sannan a watse. Ƙashin bayan babban birni masu matsakaicin hali ne, kuma dole a bar wa talakawa unguwanni da gangan, ko a cikin birnin ko a maƙwabcinsa.

Akwai kuma wani kuskure a cikin wasan kansa da ya ƙara tsananta wannan. Masana'antun I-HT suna ɗaga buƙatar gidajen attajirai bisa wancan kashi 10, amma a zahiri attajiran ba sa samun aikin a cikinsu. Sai su zo, su gina, su rasa wurin zuwa da safe. 'Yan wasa sun daɗe da fitar da ɗan gyara na wannan matsalar. Wanda bai ɗora shi ba, kada ya lissafa I-HT cikin masu ɗaukar attajirai, ya dogara da ofisoshi.

Ilimi ne ke canza launin sandar rawaya

Sabon birni jahili ne, kuma jahilin birni I-D da gonaki da ƙananan shaguna yake nema. Wasan yana auna ilimin mazauna da ma'aunin EQ, daga 0 zuwa 200. Yayin da ma'aunin ke hawa, buƙatar I-D tana faɗuwa, ta I-M da CO§§ tana tashi, daga baya I-HT da CO§§§ su karɓe. Wannan ba ya faruwa cikin shekara biyu. Yaran da suka shiga firamare sai sun girma sun shiga aiki kafin tasirinsu ya bayyana sosai, don haka makarantar da aka gina yau sai bayan shekaru masu yawa na wasa ake cin moriyarta. Firamare da sakandare da kwaleji suna aiki a kan masu ƙananan shekaru, ɗakin karatu da gidan tarihi kuma suna taimaka wa manya kada iliminsu ya zube.

Abin lura shi ne wannan sauyin yana da zafi. Akwai lokacin da I-D za ta koma ƙasa da sifili, tsofaffin masana'antu su fara mutuwa, alhali I-HT ba ta samu wuri mai tsabta da za ta sauka ba, domin ita ba ta jure gurɓatar iska. Idan ba a riga an tanadi filin masana'antu nesa da hayaƙi ba, mai ruwan famfo da itatuwa, sai a wayi gari da ma'aikata masu ilimi babu aikin da ya dace da su. Da zarar sandar I-M ta fara wuce ta I-D, lokacin tanadin wannan filin ya yi.

A kan kuɗin makaranta: kowace makaranta tana da nata ma'aunin kasafi, ana iya rage shi ya yi daidai da yawan ɗalibai. Ƙaramar firamare tana ɗaukar ɗalibai 500 idan an ba ta cikakken kasafi. Idan ɗalibai 120 ne a unguwar, babu dalilin biyan kuɗin 500. A saukar da shi ya ɗan haura yawan ɗaliban, a riƙa leƙawa, domin idan ɗalibai suka wuce abin da aka biya malamai suna tafiya yajin aiki.

Buƙata a sama, fili a kwance

Idan sandar da ta dace tana sama amma babu gini, abubuwa biyar ne ake bi ɗaya bayan ɗaya, kuma gara a fara da masu arha.

Na farko hanya. Kowane fulotin gida da na kasuwanci yana da kibiya da ke nuna inda yake fuskanta, kuma dole ta fuskanci titi. Lokacin shata fili, riƙe Alt yana juya fuskar fulotai, riƙe Shift yana hana wasan yanka ƙananan layuka da kansa, riƙe Ctrl kuma yana tilasta fulotin ya zama girman da ka ja. Wannan na ƙarshen shi ne maganin masu son dogayen benaye, domin manyansu suna son fuloti mai faɗi, kamar murabba'i 4 sau 4 na ƙananan murabba'an da aka yanka taswirar wasan da su. Unguwar da aka yanka ta ƙanana-ƙanana tana wahalar haɗewa ta ba da irin wannan filin.

Na biyu wuta da ruwa. Ƙananan gidajen talakawa suna tashi ba tare da ruwan famfo ba, shi ya sa ake mantawa da shi. Amma benaye ba sa tashi babu ruwa, attajirai da ofisoshi da I-HT ma ba sa zuwa. Bututu yana shayar da murabba'i shida a kowane gefensa, don haka idan aka shimfiɗa su a jere da tazarar murabba'i 12 tsakani, an rufe ko'ina ba tare da asara ba. Tankin ruwa §150 ne (§ ita ce alamar kuɗin wasan), yana ba da mita kubik 2,400 a wata. Injin famfo §1,400, yana ba da 20,000. A nisanta su da masana'antu, domin gurɓataccen ruwa yana rage abin da suke fitarwa, har ya kai ga rufe su.

Na uku matakin girma, kuma a nan ne ake yawan ƙona kuɗi a banza. Gidaje da kasuwanci suna da matakai takwas. Fili mai ƙaramin cunkoso yana tsayawa a mataki na 3, matsakaici a na 6, babba shi ne ke kaiwa na 8. Amma shata babban cunkoso ba ya kawo dogon bene da kansa. Wasan ba ya buɗe manyan matakai sai yawan jama'a ko guraben aiki na wannan nau'in ya kai wani adadi a yankin, wato tarin biranen da ke kan babbar taswira ɗaya. A sabon yanki, filin babban cunkoso ƙananan gidaje zai fitar, irin waɗanda fili mai arha zai fitar. Bambancin farashin kuwa ba kaɗan ba ne: §10 kowane murabba'i a ƙaramin cunkoso, §20 a matsakaici, §50 a babba. Unguwa mai murabba'i 20 sau 20 za ta ci §4,000 a ƙarami, §20,000 a babba. Hanyar da ta fi ita ce a fara da ƙarami, idan birni ya yi ƙarfi a ja sabon cunkoso a kan tsohon. Gidajen da ke wurin ba sa rushewa nan take, suna nan har sai an sami wanda zai maye gurbinsu. Maɓallan Q da W da E su ne na gidaje daga ƙarami zuwa babba, A da S da D na kasuwanci, Z da X da C na gona da masana'antu, V kuma na soke shatar fili.

Na huɗu sha'awar wuri. A cikin taswirorin bayanai akwai wadda ke nuna, ga kowane ɗaya daga cikin nau'o'in nan goma sha biyu, inda yake so da kore, inda ba ya so da ja. Kafin a ja fili a duba ta. Attajirai suna son iska mai tsabta, ƙarancin laifi, makaranta da asibiti kusa, lambuna, da gajeriyar tafiya zuwa aiki, ba sa son hayaniyar mota. Kasuwanci akasin haka yake: cunkoson ababen hawa a ƙofarsa shi ne kwastomominsa, don haka gefen manyan tituna nasa ne, gidaje kuma a mayar da su ciki. Dandali da fitattun gine-gine suna ƙara jan ofisoshi. Masana'antu suna son ƙasa shimfiɗaɗɗiya da gajeriyar hanyar fitar da kaya. Idan sha'awar wuri ta faɗi bayan an riga an yi gini, gidan attajirai ba lallai ya zama kango ba, sau da yawa yakan yi duhu, masu ƙaramin ƙarfi su cika shi, kuma su fi na da yawa, sai hanyar da aka yi wa mutum ɗari ta koma ɗaukar ninkinsu.

Na biyar shi ne wanda ba a gani a allo: iyakar buƙata. Wasan ya ɗora wa yawancin nau'o'in murfi. Gidajen talakawa suna farawa da iyakar mutum 20,000, na masu matsakaicin hali 2,000, na attajirai 1,000. Da an kai iyakar, girma ya tsaya cik, komai kyawun sauran abubuwa. Ana ɗaga murfin gidaje da lambuna, filayen wasa, da gine-ginen lada da wasan ke bayarwa yayin da birni ke girma. Shi ya sa lambu ba ado ba ne a wasan nan, kuma shi ya sa ƙin karɓar ginin lada don gudun kuɗin kula da shi yakan zama tsimin da ya fi ɓarna tsada. Murfin ofisoshi ana ɗaga shi da filin jirgin sama da hanyoyin da suka ratsa zuwa maƙwabta. Na masana'antu kuma da hanyoyin fitar da kaya: titi da layin dogo zuwa bakin iyaka, tashar dakon kaya, tashar jiragen ruwa. Shagunan CS ba su da murfi, yawan mazauna kaɗai suke bi. Alamar an kai iyaka takan zo ne ta bakin masu ba da shawara da labaran da ke gudana a ƙasan allo: a fara kukan rashin wurin shaƙatawa, ko 'yan kasuwa su nemi filin jirgi, ko masana'antu su nemi hanyar fita. Da yawa suna ɗaukar waɗannan saƙonnin surutu ne, alhali su ne kaɗai gargaɗin da za a samu. Akwai wani gini da 'yan wasa suka ƙirƙira mai suna Census Repository Facility, wanda ke nuna yadda kowane murfi ya kusa cika da alƙaluma. Ga mai gina babban yanki, ya cancanci a ɗora shi.

Haraji a matsayin linzami

Haraji yana farawa ne a kashi 9 cikin ɗari, ana iya kai shi daga 0 zuwa 20, kuma tun daga Rush Hour kowane nau'i yana da nasa ma'aunin. Amfaninsa na gaskiya ba tara kuɗi ba ne kaɗai, zaɓen wanda zai shigo birni ne. Kashi 20 yana kashe buƙatar nau'i gaba ɗaya. Birnin da ake so ya zama na gidaje da ofisoshi, a ɗora wa I-D kashi 20 tun ranar farko, buƙatar ta koma maƙwabcin da aka tanada mata.

Haka ake yi da attajirai. Da zarar an sa ruwa da makaranta da 'yan lambuna, sai su fara saye unguwannin talakawa, su haɗe fulotai da yawa su gina katafaren gida ɗaya mai mutum kaɗan. Yawan jama'a ya ragu, ma'aikatan masana'antu su ɓace, attajiran kuma babu ofisoshin da za su ɗauke su. Ɗaga harajin R§§§ zuwa 11 ko 12 yana rage musu gudu har ofisoshi su iso. Gidajen da ba a so a taɓa kuma, a danna su da alamar tambaya, wato kayan duba bayanin gini, a sa musu shaidar ginin tarihi, ba za a sake rushe su don gina wani ba.

Saukar da haraji ƙasa da 9 yana ɗaga buƙata, amma ba ya ɗaga murfi, ba ya gyara ruwa, ba ya gajarta hanya. Wanda girma ya tsaya masa saboda ɗaya daga cikin abubuwa biyar na sama, ya rage haraji, kuɗin shiga kawai ya yar. A kuma sani cewa matakin harajin da jama'a ke ɗauka ba tare da ƙorafi ba yana sauka yayin da birni ke girma, don haka kashi 9 da ya yi daidai a ƙaramin gari yana iya danne buƙata a babban birni. Canji a riƙa yin sa da rabin maki ko maki ɗaya, a bar watanni su wuce a ga sakamako.

Yanki tattalin arziki ɗaya ne

Yankin SimCity 4 an yanka shi birane masu girma uku: ƙarami mai murabba'i 64 sau 64, kimanin kilomita ɗaya kowane gefe, matsakaici 128 sau 128, babba 256 sau 256. Ma'aikata, kaya da buƙata suna ƙetare iyaka idan akwai hanya. Hayaƙi, gurɓataccen ruwa da laifi ba sa ƙetarewa. A kan wannan bambancin aka gina duk dabarun wasan yanki.

Tsarin da ya fi sauƙi shi ne birane biyu. A ɗauki ƙaramin fili a mayar da shi na ƙazanta: tashar wuta ta kwal, wadda ke cin §10,000 ta ba da megawat-awa 6,000 a kan §250 a wata, juji, da masana'antun I-D da I-M. A maƙwabcinsa matsakaici ko babba a sa gidaje, makarantu, shaguna. A ja titi har bakin iyaka, wasan zai tambaya ko a haɗa da maƙwabci, a amince a biya. Ƙaramin layi na unguwa ba ya ƙetare iyaka, sai titi sosai, ko tagwayen hanya, ko babbar hanya, ko layin dogo, ko jirgin ƙarƙashin ƙasa. Sannan a ja wayar wuta ta ƙetare, a shiga kasafin kuɗi a ƙulla yarjejeniyar maƙwabta. Wuta sai da waya, ruwa sai da bututu, shara sai da titi ko dogo, kuma dole mai sayarwa ya kasance yana da rarar abin da zai sayar. Birnin masana'antu yana samun kuɗi daga sayar da wuta da karɓar shara, birnin gidaje kuma yana samun iska mai tsabta.

Wasu suna ganin wannan kamar zamba ce, tunda a duniyar gaske hayaƙi bai san iyaka ba. Gaskiyarsu, amma wasan da kansa aka gina shi a kan a raba ayyuka tsakanin birane, kuma matakan girma na sama ba sa buɗewa da wuri sai da yawan jama'ar yanki. Dogayen benayen tsakiyar birni ƙauyuka da unguwannin da ke kewaye ne ke ɗaga su.

Abin da ke rikita mutane shi ne lokaci. Birni ɗaya ne kaɗai ke motsi, wanda ka buɗe. Sauran suna daskare a yadda aka adana su. Idan ka zauna shekara talatin a birnin gidaje, ma'aikata suna ƙaruwa, guraben aikin maƙwabci kuwa suna nan yadda ka bar su. Wasan yana ɗan yi wa maƙwabcin hasashen girma, amma hasashen yana da iyaka. Sai jakunkunan ofis su fara fitowa, sandar gidaje ta faɗi, ta masana'antu ta cika. Maganin ba a wannan birnin yake ba. A adana, a fita, a buɗe maƙwabcin, a bar shi ya yi 'yan watanni ya karanta sabon halin da ake ciki, a shata masa filin masana'antu, a bar su su cika, a adana, a dawo. Kamar ɗinkin riga ne mai hannu biyu, ba a gama ɗaya har ƙarshe kafin a auna ɗayan. Shekara biyu zuwa biyar a kowane ɓangare kafin a sauya ya wadatar a farkon wasa. Haka kuma duk lokacin da aka yi sabuwar hanya ta ƙetare iyaka, a buɗe ɗaya birnin a haɗa guntun da ya bayyana a gefensa da sauran tituna, in ba haka ba hanya ce da ba ta zuwa ko'ina.

Nisa ma abin lissafi ne. Ginin da aka watse daga cikinsa, idan aka danna shi da alamar tambaya, yana faɗin dalili, kuma mafi yawan lokaci tsawon tafiya zuwa aiki ne. Kada a sa gidaje a ƙarshen yamma na babban birni alhali hanyar fita zuwa wurin aiki tana ƙarshen gabas. A ɗaya gefen ma, masana'antu su kasance kusa da inda hanyar ta shigo. Talakawa sun fi hawa bas da jirgi, attajirai sun fi son motarsu, don haka layin dogo mai tashoshin bas da ke kai masa mutane ya fi dacewa tsakanin unguwar talakawa da masana'antu, babbar hanya kuma tsakanin unguwar attajirai da ofisoshi. Kayan binciken hanya da Rush Hour ya kawo yana nuna kibiyoyin inda mutanen kowane gini ke bi da safe da yamma, da adadinsu. Da shi ake gane titin da ya shaƙe da tashar da babu mai shiga.

Matafiyan da ba sa isa

Matsalar da ta fi lalata manyan yankuna ita ce zagayen da ba ya ƙarewa. Ga yadda take faruwa. Ma'aikaci ya fito daga birnin A, wasan ya ga bakin iyakar B ya fi kusa da shi fiye da guraben aikin cikin gida, sai ya tura shi can. Da ya shiga B, aka sake lissafi, aka ga bakin iyakar C ya fi masana'antun B kusa, sai ya wuce. Ba a mayar da shi kai tsaye inda ya fito, amma idan C tana da hanya zuwa A, sai ya koma A a matsayin baƙo mai neman aiki, ya sake kama hanyar B. Duk lokacin da aka buɗe biranen bi da bi adadin yana kumbura. Za ka ga dubban motoci a ɗan guntun titi a kusurwar taswira, ofisoshi na kukan rashin ma'aikata, sandunan buƙata kuma suna nuna abin da bai dace da komai ba.

Wurin da ta fi kamawa shi ne inda birane uku ko huɗu suka haɗu a kusurwa, aka yi hanyoyin ƙetare kusa da kusurwar. Rigakafin tun wajen zane ne. Hanyoyin ƙetare su kasance wajen tsakiyar gefen birni, nesa da juna, ta yadda wanda ya shigo zai tarar da aiki kafin ya tarar da wata ƙofar fita. Haɗin biranen kuma ya yi kama da reshen bishiya, babban birni a tsakiya, ƙanana na rataye da shi, ba zobe ba. Wayar wuta da bututu ba sa ɗaukar mutane, don haka ana iya haɗa kowa da kowa da su ba tare da fargaba ba. Idan zagayen ya riga ya kama, a rushe haɗi ɗaya daga cikin zoben, sannan a buɗe kowane birni da abin ya shafa a bar shi ya yi 'yan watanni a adana, har adadin bogin ya zube. Za a ga buƙata ta yi tangal-tangal a wannan lokacin, kada a shata sabon fili sai ta daidaita.

Network Addon Mod, gyaran da 'yan wasa suka daɗe suna haɓakawa, yana inganta yadda ake zaɓen hanya. A wasan asali matafiya sun fi bin hanya mafi gajarta ko da ta shaƙe, su bar babbar hanya a buɗe, da gyaran kuma suna bin wadda ta fi sauri, abin da ke rage watsewar gidaje saboda nisa. Amma bai ɗauke wa mai wasa nauyin zana haɗin birane da kyau ba, zobe a kusurwa yana iya haifar da zagayen ko da an ɗora shi. Bayan ɗora shi a tsohon yanki, kowane birni yana buƙatar a buɗe shi a bar shi ya yi gudu na wasu watanni kafin alƙaluman zirga-zirgarsa su koma kan sabon lissafin.